Hoton Damben Babanmu

Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na bar hoton nan ruwa ya ƙarasa cinye shi. Amma ni karambani a jinina yake. Tun ina ƙarama Inna take cewa hannuna ba ya ganin abu a ajiye ya wuce.

Hoton damben babanmu ne. Ɗan mitsitsi, bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari, kuma tun ina 'yar shekara shida yake rataye saman gadon Inna a gidanmu na Zongo, cikin gilashin da hayaƙin turare ya dusashe. Mutum biyu ne a tsakiyar fili, jama'a sun yi musu zobe. Ɗaya yana tsaye, ya ba mai hoto baya, hannunsa na hagu naɗe da zaren dambe, ya riga ya saki naushin. Ɗayan yana kan hanyarsa ta zuwa ƙasa, kansa ya watse saboda motsi, ba ido ba hanci. Babanmu bahago ne, duk mahautan Kwatano sun sani. Da hagu yake saran ƙashi, da hagu yake dambe, kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Saboda haka ba wanda ya taɓa tambayar wane ne wane. Mai ɗaurin hagu shi ne Baba, shi ke nan.

Ba a Kwatano aka ɗauki hoton ba. Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, sun tafi arewa sayen shanu bayan kaka, suka tarar ana dambe a wani ƙauye gaba da Malanbil inda ba wanda ya san su. Baba ya ji kalangu, jikinsa ya tsuma, ya tuɓe riga. Baba Ƙarami ya ɗaure masa hannu kamar yadda ya saba. Wanda bai san dambe ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne wannan. Ɗan dambe ba ya miƙa wa kowa hannunsa, domin a cikin naɗin nan ake cusa laya, kuma abin da masoyi zai iya cusawa maƙiyi ma zai iya. Sai wanda ka yarda da shi kamar kanka.

Suka dawo da shanu da hoto, aka yi ta yawo da shi teburi teburi a kasuwa ana kirari. Ba a yi sati biyu ba Baba ya fara ciwon kai. Sai amai. Sai gyangyaɗi a bakin teburin nama, wuƙa na suɓuce masa. Kafin azumi harshensa ya yi nauyi, ya fara faɗuwa yana kumfa. Ni ban san wancan ƙaton na cikin hoto ba. Uban da na sani shi ne wanda yake zaune kan tabarma a zaure, miyau na zuba a rigarsa, in na zo wucewa ya bi ni da ido yana neman sunana bai samu ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta yi yawo. Ba inda ba ta kai shi ba sai likita, wato asibiti, domin wa zai kai sammu likita? Mutum ya je ya yi kisa a fili, ya dawo da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu a jikinsa, ga hoto shaida, sannan ya lalace a tsaye. Ai kowa ya san wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Wani mai duba ya zana ƙasa ya ce mata, "Wanda ya ɗaure hannu shi ya ɗaure kai." Aka tara dangi a zaure, aka tambayi Baba Ƙarami me ya sa a cikin naɗin. Ya ce bai sa komai ba. Aka ce to me ya faru a can? Ya sunkuyar da kai. Aka kawo Alƙur'ani aka ce ya dafa cewa ba abin da yake ɓoyewa. Ya maida hannuwansa baya, ya ƙi. Ranar Inna da hannunta ta watso masa kaya kan titi, ina tsaye bakin ƙofa ina kallo. Aka ce teburin yayansa yake so, aka ce gidan yake so, ba abin da ba a ce ba.

Ya koma Avotrou, can hayin ruwa, ya kama ɗaki yana gasa tsire. Bai taɓa aure ba, domin ba gidan da zai ba shi 'ya a Zongo. Ni ma na yi nawa. Ina budurwa na haɗu da shi a kasuwar Missèbo, ya naɗe mini tsire a takarda ya miƙo da hannu biyu, na karɓa na jefa a kwata a gabansa, na tofar da miyau. Na zo gida na ba Inna labari ina alfahari, ta ce Allah ya yi mini albarka. Shekara arba'in da 'yan kai muka yi a haka.

Daminar bara limamin unguwarmu ya zo da dattawa biyu, ranar wata Asabar bayan la'asar. Suka ce da Inna Baba Ƙarami fa ya kwanta, ƙafafu sun kumbura, ɗakinsa kuma in an yi ruwa har ciki yake shiga. Abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya mutu a ɗakin da aka haife shi. Ɗakin bayan gidanmu ne, inda muke tara tukwanen biki. Gidan ubansu ne shi da Baba, da ya so da alƙali zai shiga, amma ya ce shi ba zai taka ƙofar ba sai da bakin matar yayansa. Inna ta ce su ba ta zuwa Juma'a.

Da suka tafi ta kira ni. Ta ce, "Ke, na gaji da riƙo. Ƙafata ɗaya a kabari. Abin da ya yi, shi da Allah. Gobe ki fitar da tukwanen nan ki share ɗakin."

A riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da yake hana ni sakat har yau. Ta riga ta yarda. Magana ta ƙare. Ba abin da ya rage sai Juma'a ta zo a ɗauko tsoho.

Ina cikin kwashe tukwane aka kece da ruwa, kwanon ɗakin Inna ya fara yoyo daidai saman gado. Na hau kujera na sauke hoton, na ga ruwa ya shiga bayan gilashin, gefe ɗaya ya fara kumbura. Ni kuwa hoto sana'ata ce. Shekara ashirin na yi a labo, wato gidan wankin hoto, ina wanke hotunan mutane, tun ana tsoma takarda a ruwan magani da hannu, har waya ta zo ta kashe mana kasuwa. Yanzu ɗan shago gare ni a bakin titi, ina ɗaukar hoton katin shaida, ina gyara tsoffin hotunan da ruwa ko gara suka taɓa. Na ce bari in ceto na gidanmu ni ma. Har na yi niyyar in wanke babba in rataye wa Baba Ƙarami a ɗakin, ya ga yayansa. Kai, Allah ya shirye ni.

Litinin da safe na ɗora shi a na'ura, ya fito a ordinater, wato kwamfuta, ya cika gilashi. Ban taɓa ganinsa da girma haka ba. Abin da na fara lura da shi na aiki ne kawai. Mai hoton gwani ne, ya durƙusa ƙasa ya ɗauka, shi ya sa na tsayen ya yi kama da ginshiƙi. Rana ta yi sanyi, inuwa ta yi tsawo, haske bai ishe shi ba, dole ya bar idon kamara a buɗe ya ɗan jima, shi ya sa kan mai faɗuwa ya watse. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani laushi a hoton gaba ɗaya, har a wuraren da ba motsi, kamar an shafa masa man shanu. Na san laushin nan. Negatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, fuska biyu gare shi, mai ƙyalli da maras ƙyalli. In ka kifa shi a juye hoton zai fito, amma da ɗan laushi, kuma dama ta koma hagu. Ina koyon aiki na taɓa yin wannan ɓarnar a hotunan wani biki, ango ya fito yana ba surukinsa hannun hagu, maigidana ya kusa cin namana ɗanye.

Na ce a raina tsufa ne, takarda ce ta sha hayaƙi. Na bar 'yan damben na koma gefen da ruwa ya taɓa, inda jama'a suke. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa kallon mutanen nan, kowa idonsa a tsakiyar fili. Ga makaɗi da kalangu. Ya maƙale shi a hammatar dama, makaɗin yana hannun hagu. Na ce to, shi ma bahago ne, an yi dace. Kusa da shi wani mai rawani yana yi masa kari, ya miƙa kuɗin da hagu. Na ce wannan kuma ba shi da tarbiyya. Na matsa gaba. Tsofaffi biyu a bayan layi, da alama yanzu suka haɗu, suna musabaha, hagu da hagu. Wani ya tsoma hannu a farantin mai gyaɗa zai kai baki, hagu. Wani da tasbaha, hagu. Sai masu manyan riguna, su uku a jere kan benci, kowannensu aljihu da aikin zare a ƙirjin dama. Duk wanda ya taɓa wanke wa ubansa babbar riga ya san aljihunta a hagu yake.

Ƙauye guda na musulmi, daga liman har mai gyaɗa, ba mai cin abinci da dama? Na sa yatsa na danna wurin juyawa. Nan take kowa ya shiryu. Kalangu ya koma hammatar hagu, tsofaffi suka gaisa kamar mutanen kirki, aljihu ya koma mazauninsa, laushin ne kawai bai tafi ba. Na tsaye ya zama mai dama. Wanda yake tafiya ƙasa da watsattsen kai, shi ne mai ɗaurin hagu. Na zauna ina kallon naushin nan, ya sauka daidai bayan kunne. Wata mata ta shigo ɗaukar hoton kati, na ce mata na'ura ta lalace.

Washegari na hau zem, wato acaɓa, zuwa Avotrou. Mai zem ya sauke ni tun daga titi ya ce shi babur ɗinsa ba kwalekwale ba ne. Na tattare zane na bi ta kan duwatsu da katakon da aka jera cikin ruwa, wata maƙwabciyarsa mai sayar da gawayi ta nuna mini ƙofar. An ɗora gadonsa kan bulo, ƙasan ɗakin a jiƙe. Ya rame ya zama ƙashi, sai ƙafafun kamar turmi. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar farko tun ina shekara shida. Ya ce, "Wace ce?" Na faɗa masa. Ya yi ta ƙoƙarin tashi zaune yana neman hularsa.

Ban iya doguwar magana ba, ban taɓa iyawa ba. Na fito da hotuna biyu da na wanke manya, na juye da na daidai, na ɗora masa a cinya. Ya kai su kusa da ido, ya daɗe. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya.

Ya ce, "Kalangun ne, ko?"

Na ce, "Da shi, da rigunan, da masu gaisawa."

Ya ce, "Ni kullum kalangun nake tsoro. Gidan mahauta guda, a ce ba wanda ya ga kalangu a hammatar dama."

Sannan ya ba ni labari, yana yi yana hutawa. Wani siririn Bazabarme ne ya kai Baba ƙasa, naushi ɗaya. Ya suma har aka yi ta kwara masa ruwa, ya farfaɗo, ya tashi da ƙafarsa yana cewa santsi ne. Mai hoton kuwa sana'arsa ke nan, yana bin filayen dambe bayan kaka. Ranar da bahago ya haɗu da mai dama, ranar kasuwarsa ce. Sai ya nemi hoton da fuska ba ta fito ba, ya wanke shi iri biyu, kowane ɓangare ya sayi nasa ya tafi gida da nasara. Bayan kwana biyu ya same su a kara wurin shanu, ya shimfiɗa musu duka biyun ya ce wanne suke so. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki nasa. A cikin motar shanu, suna hanyar dawowa, ya daina dariyar. Ya ciro ɗan Alƙur'anin da yake tafiya da shi ya ce ƙanensa ya dafa, ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, ko bayan ransa.

Na ce, "To da ya kwanta fa? Kana gani ana cewa kai ne!"

Ya ce, "Sau uku na je ina roƙonsa ya sake ni. Na farko ya zage ni. Na biyu ya juya mini baya. Na uku bai gane ni ba." Sannan ya ce, "Yanzu ma ai ban faɗa ba. Ke kika gani da idonki."

Na yi kuka a ɗakin nan kamar wadda aka yi wa mutuwa. Na tuna masa tsiren Missèbo na ce ya yafe mini, ya ce shi bai ma tuna ba, na san ƙarya yake yi. Na gaya masa an share ɗaki, Juma'a za a zo ɗaukarsa. Da zan tafi ya riƙe bakin mayafina. Ya ce, "'Yata, ki bar takardun nan a nan. Kada ki nuna mata." Na ce haba Baba, a wanke ka shi ne laifi? Ya ce, "Ni dai na ce ki bari." Na zare mayafina a hankali na sa hotunan a jaka. A raina na ce tsoho ne, ya saba da wulaƙanci har ya zama masa riga. Ni so nake ya shiga gidan nan da kansa a sama, Inna ta tare shi a ƙofa, duk Zongo ta ji kunya. Ni ce zan yi wannan, ni mai ido.

Laraba da hantsi na sami Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Idonta garau yake har yanzu, zare take sa wa allura. Na ture farantin na shimfiɗa mata hotunan ina murna. Na nuna mata kalangu, na nuna mata masu musabaha, na nuna mata aljihu. Tana bin yatsana da ido. Da na gama ta ɗora nata yatsan kan mai faɗuwa.

Ta ce, "Wannan na ƙasan fa?"

Na ce, "Baba ne, Inna. Naushi ne ya same shi a kai. Ba sammu, ba komai. Baba Ƙarami bai yi masa komai ba, rantsuwa Baba ya sa shi."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali, "Irin wannan, likita na iya masa?"

Nan ne ya kamata in yi ƙarya. Na yi wa mutane ƙarya a shago ba adadi, na cire musu tamoji, na haskaka musu fata. Amma ranar gaskiya ta hau kaina. Na ce, "Wataƙila, da an kai shi da wuri. Jini ne kan taru, su kan zuƙe shi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Ni na riƙe masa kai aka turara shi da barkono har ya shiɗe. Ni na danne ƙafafunsa aka yi masa tsaga a ƙeya, daidai wurin nan. Wata uku na bar shi a mari a gidan wani malami, ina zuwa yana kuka yana nuna mini kansa, ina ce masa ya yi haƙuri aljanin ne ke fita. Likita tana nan bayan kasuwa, da ƙafa ake zuwa. Shi kuma yana tsaye yana kallona, ya sani."

Na ce, "Inna, Alƙur'ani ya dafa."

Ta ce, "Rantsuwa ba ta da kaffara? Ya ciyar da miskinai goma mana, ba mahauci ba ne? In ba shi da shi ya yi azumi uku. Azumi uku! Kwana uku na ƙishirwa ya fi ƙarfinsa, ya bar ɗan'uwansa shekara goma sha ɗaya. Sammu na yafe, domin wanda aka yi wa sammu ba yadda matarsa za ta yi. Wannan ban yafe ba." Ta jawo farantin shinkafarta. Ta ce, "Mayar da tukwanen."

Na yi magiya, na yi faɗa, na buga ƙafa kamar yarinya. Na ce shi ma fa an ci rayuwarsa, ba mata ba ɗa, kuma mu muka ci. Na ce in laifi ne ai na Baba ne da ya fi son kirari a kan ransa. Da na faɗi wannan ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ke kuma ba ki kyauta mini ba. Abu ɗaya na tsufa da shi, cewa na yi wa mijina iya ƙoƙarina. Kin zo kin karɓe." Ta tashi ta shiga ɗaki ta sa sakata. Na tsaya a tsakar gida da hotuna biyu a hannu. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba nawa idon ba.

Liman ya dawo Alhamis, ya yi wa'azi ta bayan ƙofa har muryarsa ta dushe. Ta ce ta ji, Allah ya saka da alheri, amma in aka shigo da mutumin nan ta wannan ƙofa ita za a fitar ta waccan. Na ce to mu kawo shi kawai, gidan ubansa ne. Liman ya ce ai shi ne ba zai yarda ba, sai da bakinta.

Juma'a bayan an sauko na koma Avotrou ni kaɗai. Tun daga nesa na hango ƙofarsa a buɗe. Ya sa an yi masa aski, ya sa farar riga mai karin guga, ya zauna bakin gado da ƙafafun nan a kan bulo. Kayansa duka a ɗaure cikin jaka ɗaya, buta a kai. Ya leƙa bayana ko akwai wasu.

Ya ce, "Me ta ce?"

Ƙaryar da ta ƙi zuwa ranar Laraba sai ga ta ta zo da gudu. Na ce ɗakin ne yake yoyo, an kira mai gyaran kwano, kwana biyu zuwa uku. Ya ce, "Ai ni na saba da ruwa." Na ce Inna ta ce ba za a sa shi a ɗaki mai yoyo ba. Ya yi murmushi har ya rufe ido. Ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Bai tambaye ni hotunan ba, ban sani ba ko ya gane ko bai gane ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Kullum sai na je. Na ce ya koma gidana, ya ce a'a, kada a zo ɗaukarsa ba ya nan. Na ce mu je likita, ya ce in ya koma gida ma je. Kullum in tarar da shi cikin farar rigar nan, jaka a ɗaure. Mai gyaran kwano ya yi tafiya, mai gyaran kwano ya dawo, ƙusa ta ƙare, an sa siminti bai bushe ba. Da safe in durƙusa gaban Inna in roƙa, ta yi kamar da bango nake magana, da yamma in je in ƙera wa tsoho sabon dalili. Na tsani bakina a kwanakin nan, na tsani idona, na tsani shagon da na'urar da ke cikinsa.

Rana ta goma sha biyu ina shago wayata ta yi ƙara, maƙwabciyar nan mai gawayi ce. Kafin in isa maza sun shiga, suna neman likkafani. Na ce a duba jakar. Yana ciki kuwa, a ninke, ya saya tun da daɗewa. A ƙarƙashinsa akwai turmin atamfa sabo fil, da goro a ganye. Matar ta ce ita ya aika Missèbo ta sayo masa tun wancan satin, ya ce ba a shiga wurin matar yaya hannu rabbana.

Na tambaye ta ko ya bar wata magana. Ta ce ba wata mai yawa. Da safe ya ce jikinsa ba daɗi zai ɗan kishingiɗa, amma ba zai cire rigar ba. Ya roƙe ta ta riƙa duba hanya, in ta ga na sauka daga zem ta gaya mini kada in ji nauyin tashinsa, shi a shirye yake.